Gurnanin Kwikwiyo: Yadda Za Ka Gane Na Wasa Da Na Gargaɗi

Na san wani zai ce me ya haɗa Bahaushe da maganar kare. To, zama ne ya haɗa mu. Duk wanda ke haya a Ibadan, Legas, Abekuta, Benin ko Fatakwal ya san da wuya ka bi layi guda ba ka ji haushi daga bayan geti ba. Wani maƙwabcinsa ne mai karen, wani mai gidan hayarsa ne, wani kuma shi da kansa ya ajiye saboda ɓarayin awaki da raguna. Ko muna so ko ba ma so, a tsakiyar karnukan nan yaranmu suke tashi.

Ni ɗan mai fataucin shanu ne. A Ibadan aka haife ni, kuma har gobe ina bin mahaifina karar Akinyele. Abin da zan rubuta a nan, rabinsa na koye shi ne bayan karen gidanmu ya ciji autanmu, rabin kuma daga bakin likitan dabbobin da ke duba mana shanu, wanda na dame shi da tambaya har ya saba da ni.

Yadda muka ɓata Duna da hannunmu

Shekarar da aka kwashe mana raguna huɗu a dare ɗaya, sati biyu kafin Babbar Sallah, Baba ya ce a nemo kare. Aka kawo mana wani baƙin kwikwiyo da bai wuce sati biyar ba, muka sa masa suna Duna. Ni da yaran da ke mana kiwo muka mai da shi abin wasa. Mu tura masa hannu a baki, mu kayar da shi, mu ja masa kunne, in ya yi gurnani mu yi ta dariya muna cewa wannan zai yi zafi. Amma in ya yi gurnanin nan a kan kwanon abincinsa, sai a zabga masa tsumagiya, wai kada ya raina mutane. Ba a jima ba ya daina gurnani a kan abinci. Muka ce ya ji horo.

Yana da wata tara, autanmu mai shekara shida ya sunkuya zai ɗauki ƙwallo kusa da kwanon. Babu haushi, babu gurnani, sai ihun yaro muka ji. Haƙora huɗu suka shiga damtsensa. Har yau tabon yana nan, kuma har yau Inna ba ta son a ɗaga zancen.

Da na ba likita labari tun daga farko, sai ya ce kurakurai uku muka yi: mun raba shi da uwarsa da wuri, mun koya masa cewa hannun mutum abin cizo ne, sannan mun dake shi har ya daina faɗa mana lokacin da ransa ya ɓaci. A kan ukun nan duk bayanin da ke ƙasa yake tafiya.

Me ya sa kwikwiyo ke cizo da gurnani

Kwikwiyo ba shi da hannu, da baki yake taɓa komai. Haƙoransa na farko guda 28 ne, suna fara fitowa tun yana wajen sati 3, kuma tsininsu kamar allura. Daga wata 3 zuwa 4 yake fara famfara, zuwa wata 6 ko 7 manyan haƙora 42 sun cika. A tsakanin nan dasashinsa ƙaiƙayi yake yi, shi ya sa takalmi, tabarma, buta, bakin zani, duk abin da ya samu sai ya tauna. Ba mugunta ba ce.

Sanin iyakar cizo kuwa a cikin 'yan uwansa yake koyonsa. In ya ciji ɗan uwansa da ƙarfi, wancan zai yi ƙara ya bar wasan. In ya matsa wa uwar, ta yi masa gurnani ko ta tashi ta ba shi wuri. A haka yake gane cewa cizo mai zafi yana kashe wasa. Don haka ake cewa kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin sati 8. Masu sayar da su a bakin titi a cikin keji ba ruwansu da wannan, su dai a saya. Ka tambayi ranar haihuwarsa, in da hali ka je ka ga uwar da idonka, ka ga yadda take karɓar baƙo.

Akwai kuma wani lokaci mai muhimmanci, daga wajen sati 3 zuwa sati 12 ko 14. Abin da kwikwiyo ya saba da shi cikin kwanciyar hankali a wannan tsakanin, kamar yara, awaki, ƙarar babur da janareto, mai babbar riga da mai hijabi, da wuya ya ji tsoronsa in ya girma. Abin da bai gani ba, ko ya gani da duka da jifa, shi zai riƙa ɗauka a matsayin abokin gaba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Gurnanin wasa da gurnanin gargaɗi

Kunne kaɗai ba zai raba maka su ba, domin wani gurnanin wasan ya fi na faɗa ƙara. Jikin karen za ka duba.

In wasa ne:
- Jikinsa a sake yake, yana tsalle-tsalle yana karkacewa kamar ba shi da ƙashi.
- Yakan kwantar da ƙirjinsa da ƙafafun gaba a ƙasa, ya ɗaga ƙugu sama. Wannan gayyata ce, yana cewa zo mu yi wasa.
- Bakinsa a buɗe, harshe a waje, fuska a sake.
- In su biyu ne, suna musaya: yanzu wannan ne a sama, anjima wancan. Wanda aka kora shi ma zai juyo ya yi kora.
- Suna ɗan tsayawa su numfasa, su karkaɗe jiki, sannan su ci gaba.

In gargaɗi ne:
- Jiki ya sandare, ya tsaya cak kamar an dasa shi.
- Ya kafa maka ido ba ƙiftawa, ko ya kau da kai yana kallonka ta gefe har kana ganin farin idon.
- Baki ya rufe, sannan leɓe ya ɗaga fiƙa ta bayyana.
- Gurnanin ya yi ƙasa-ƙasa, dogo, daga ƙirji.
- Gashin bayansa ya miƙe, kunnuwa sun kwanta baya ko sun tsaya ƙyam.
- Wutsiya ta shige tsakanin ƙafafu, ko ta miƙe sama a sandare tana ɗan kaɗawa da sauri.

Ku lura da na ƙarshen nan. Mutane da yawa sun ɗauka duk karen da ke kaɗa wutsiya murna yake yi. Ba haka ba ne. Kaɗa wutsiya yana nuna jininsa ya hau ne kawai, zai iya zama murna, zai iya zama shirin cizo.

In 'yan kwikwiyo biyu suna kokawa ka rasa gane ko wasa ne, ga gwaji mai sauƙi. Ka riƙe wanda ke sama a hankali, ka saki na ƙasa. In na ƙasan ya dawo da gudu yana neman a ci gaba, wasa ne, ka sake su. In ya gudu ya ɓuya, to dama zaluntarsa ake yi, sai ka raba su su huta.

Kada ka daki gurnani

Wannan shi ne abin da na fi so kowa ya riƙe. Duk wanda ya taɓa shiga kara ya san bijimi ba ya kai tunkuyi haka kawai. Sai ya sunkuyar da kai, ya yi huci, ya tono ƙasa da kofato. Yaron da ya san aiki yana ganin haka zai ja da baya. Da za a ce akwai bijimin da ba ya nuna komai sai dai ka ji ƙaho a cikinka, wallahi ba mai yarda ya riƙe masa igiya ko nawa za a biya shi.

Gurnani shi ne tonon ƙasar kare. Yana ce maka na ji tsoro, ko na ji ciwo, ko ka matso da yawa. In ka dake shi, tsoron bai tafi ba, ƙaruwa ma ya yi. Abin da ya koya kawai shi ne faɗar damuwarsa tana jawo masa bulala. Sai ya yi shiru, ran da abin ya kai masa wuya ya tsallake gargaɗin ya tafi kai tsaye ga cizo. Haka muka yi wa Duna, kuma yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba shi ya biya.

In kwikwiyonka ya yi gurnanin gargaɗi, ka tsaya, ka ja baya kaɗan ba tare da tsawa ba, sannan ka tambayi kanka me ya jawo. Abinci ne? An tashe shi daga barci ne? An ɗauke shi ta inda yake masa ciwo ne? An rutsa shi a lungu ne? Musabbabin za ka gyara.

Haka nan ka rabu da shawarar masu cewa ka danne shi a ƙasa ta wuya, ko ka matse masa baki, ko ka buga masa hanci don ya san waye maigida. Karen da aka rena da haka yakan ji tsoron babban namijin da ke dukansa, ya huce a kan mata da yara.

Yadda ake rage wasan cizo

1. Hannu da ƙafa ba abin wasa ba ne. Mu da muke ganin raguna kullum mun san ɗan ragon da aka saba wa wasan tura goshi da tafin hannu, ran da ƙahonsa ya yi ƙwari shi ne mai kayar da mutane. Kwikwiyon da kake ɗauka da hannu ɗaya yau, in irin Boerboel ne na Afirka ta Kudu da ake yayi yanzu, yakan haura kilo 60. Ko ɗan gida ne wanda ake ce wa ekuke a nan kudu, haƙorinsa ya isa ya yaga hannun yaro.

2. Ka ba bakinsa aiki. Igiya mai kauri da aka ƙulla, tsohon tawul da aka murɗa aka jiƙa da ruwan sanyi, ko abin taunawa na roba da ake sayarwa a shagon maganin dabbobi. Da ya nufo hannunka, ka sa masa wannan a baki. Kada ka ba shi tsohon takalmi, don ba zai bambance shi da sabon takalmin Baba ba. Kada kuma a ba shi dafaffen ƙashi, musamman na kaza, yana tsagewa ya soke shi a ciki.

3. Haƙori ya taɓa fata, wasa ya ƙare. Ba duka, ba ihu. Ka tsaya cak, ka janye hannu a hankali, ka juya baya ko ka fita ka bar shi kamar rabin minti zuwa minti ɗaya. Ka dawo ku ci gaba. Ya sake, ka sake. Darasin da 'yan uwansa za su koya masa ke nan. Kada ka fizge hannu da sauri, abin da ke gudu shi yake bi.

4. Jan igiya ba laifi ba ne, ko yana gurnani, muddin jikinsa a sake yake. Sharaɗin shi ne kai kake farawa, kai kake tsayarwa. Ka koya masa kalma ɗaya, misali "saki". Ka daina ja, ka nuna masa ɗan guntun nama, da ya saki igiyar ka ba shi ka yaba masa. Cikin 'yan kwanaki zai gane.

5. Ka bar shi ya yi barci. Ƙaramin kwikwiyo yana bukatar barcin da ya kai awa 18 a kwana ɗaya. Yawancin haukan cizon da suke yi da yamma gajiya ce, kamar rigimar yaron da barci ya kama. Ka sama masa wuri mai inuwa da ruwan sha inda ba mai damunsa.

6. Gida ya zama baki ɗaya. In kai kana hanawa, yaran shago suna zuga shi da ƙafa, aikin banza kake yi.

Wannan ƙa'idar ta hana wasa da hannu ta zo mana daidai, mu da muke kiyaye jikinmu da tufafinmu daga yawun kare. Sai dai kada gudun yawun ya sa a ɗaure shi da sarƙa a bayan gida dare da rana, ba mai kula shi sai an zo jefa masa ƙanzo. Karen da ya tashi a haka ba ya bambance ɓarawo da baƙon Allah. Mai gadi na ƙwarai shi ne wanda ya san mutanen gida da dabbobin gida, ya natsu da su, har in baƙon abu ya zo cikin dare ya gane baƙo ne.

Gurnani a kan abinci

Kare yana tsare abincinsa ne don yana tsoron a ƙwace. In kana ƙwacewa don ka gwada shi, ka tabbatar masa da zarginsa. Abin da ya yi mana aiki a kan Wayo, karyar da muka ɗauko bayan Duna tana da sati tara, shi ne wannan: tana cikin ci, sai in wuce daga nesa in jefa mata abin da ya fi na kwanon daɗi, kamar guntun tumbi ko huhu, in yi gaba abina. Kullum ina ɗan matsowa. Kafin wata guda, in ta ga mutum ya nufo kwanonta ɗago kai take yi tana jiran ƙari. In ta ɗauki abin da bai kamata ba, musaya muke yi da ita, ba kokawa ba.

Duk da haka, a keɓe take cin abincinta, kuma an hana yara zuwa wurin. Horo ba ya hana a yi hattara.

Abin da za a koya wa yara

- Kada a taɓa kare yana ci, yana barci, ko karya tana shayarwa.
- Ba jifa, ba tsokana da sanda ta ƙasan geti. Wannan ɗabi'ar ta yi yawa a yaranmu, kuma karen maƙwabci ba ya manta wanda ya jefe shi. Sau da yawa rigimar da ke tashi tsakaninmu da masu masaukinmu daga irin wannan ƙaramin abin take farawa.
- In kare ya biyo ka, kada ka ruga kana ihu. Ka tsaya cak, ka haɗe hannuwa a ƙirji, ka kau da ido. In ya kayar da kai, ka dunƙule ka rufe wuya da fuska.
- Kada a bar ƙaramin yaro da kare su kaɗai, komai sabo.

Yaushe za a kira likitan dabbobi

In kwikwiyo mai wasa ya wayi gari yana gurnani da an taɓa shi, a fara zargin ciwo: kunne, ƙafa, ciki, ko kaska. Haka in yana sandarewa yana cizo har jini tun bai kai wata huɗu ba, ko yana ɓuya yana karkarwa da ya ga mutum, ko ya wuce wata bakwai cizon yana ƙaruwa maimakon raguwa. Dama ya kamata ya ga likita tun yana sati 6 zuwa 8 don maganin tsutsa da alluran farko, sannan allurar haukan kare in ya kai wata 3, a riƙa sabuntawa duk shekara. Ana samunta a asibitocin dabbobi na gwamnati da masu zaman kansu, kuma cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana sarrafa ta. Ka adana katin allurar. Ran da tsautsayi ya faɗa, shi ne abu na farko da za a tambaye ka.

In haƙori ya fasa fata

Nan ba maganar horo ba ce kuma, maganar rai ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kwikwiyo ma yana ɗauke da shi, ƙanƙantarsa ba ta wanke shi ba. Ciwon yakan kwanta a jiki wata biyu zuwa uku, wani lokaci sati ɗaya, wani lokaci har shekara, kuma da alamunsa sun bayyana kusan ba a tashi. Yana kama shanu da awaki ma.

Abin yi:
1. A wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai yawa, ana zubawa har minti 15. A duba agogo, minti 15 yana da tsawo.
2. A shafa aidin ko sifirit in akwai.
3. Kada a sa barkono, toka, man birki, ko ƙonannen gashin karen. Ba sa kashe ƙwayar cutar, ɓata lokaci ne.
4. A tafi asibiti ranar, ko da yaƙushi ne, musamman in ba a san karen ba ko ba shi da kati. Allurar rigakafin ba ɗaya ba ce, ana yin ta ne a ranaku daban-daban, a tabbata an kammala. In raunin ya yi zurfi akwai wata allurar ta daban da ake yi a bakinsa, kuma za a duba batun tetanus.
5. Kada a yi saurin kashe karen ko sayar da shi. A killace shi a sa masa ido kwana 10, likitan dabbobi ya duba shi. Amma kada a zauna jiran kwanakin su cika kafin a kai wanda aka ciza asibiti.

Ku kuma ja kunnen yara cewa in kare ya cije su ko ya yaƙushe su, su faɗa, ba za a dake su ba. Yaro yakan ɓoye don tsoron faɗa, kuma ɓoyewar ita ce mai kisa.

Autanmu ya kammala allurarsa lafiya. Duna ya cika kwana gomansa garau, daga baya Baba ya ba da shi ga wani mai gonar kaji a bayan gari, inda ba yara. Wayo tana nan, shekararta uku, a bakin garken raguna take kwana, kuma tun zuwanta ko igiya ba a sake ɗauke mana ba. Takan yi gurnani wani lokaci in an matsa mata. In na ji, sai in ce wa yara su ba ta wuri, ta yi magana.

Allah Ya tsare mu da iyalanmu, Ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu.